Lambar da Aka Ja wa Layi

Tun cikinki yana wata huɗu nake tsoron kati. Ba naƙuda ba, ba ruwan jego ba, ko da yake matan unguwarmu sun cika ni da labarin zafinsa. Wani ɗan kati ne mai ruwan ƙasa, gefensa duk ya cinye, wanda na tashi ina gani a cikin kwallar Iya Laure a Tsauni. Iya Laure ƙanwar mahaifiyata ce. Kanta ya taɓu bayan haihuwarta ta fari, aka kai ta asibitin birni, ta dawo da wannan katin, kuma daga ranar har ta koma ga Allah ba ta sake zama Laure ba a bakin mutane, sai dai mai kati. Duk farkon wata ni ake aike in ɗauko shi a kai ta allura. A samansa an rubuta harafin F, sai biyu, sai sifiri. Aji uku kawai na yi a lakol, makarantar boko, faransanci bai zauna mini ba, amma harafi ɗaya da lamba biyu, in ka shekara goma kana kallonsu, ba mai ƙwace maka su. Da na ji kin fara motsi a cikina, abin da ya faɗo mini ke nan: ita ma da haihuwar fari abin ya fara mata.

Ummi, yau shekarunki huɗu da wata uku. Kina Dungu hannun gwaggonki Hasiya, ƙanwar babanki, ni kuma ina nan Matameye. Na sa babanki ya sayo mini kaye, wato littafin rubutu, da bik, wato biro, don in rubuta wannan tun ban manta da komai ba, domin na san watarana za ki ji ana cewa uwarki ta ƙi ɗaukarki, har an rubuta a takardar asibiti. Gaskiya ne an rubuta. Amma ba shi kaɗai aka rubuta ba.

An haife ki da sanyi, lokacin da motocin rake ke fita garin nan har bayansu na taɓa ƙasa. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, don haka ban je wankan gida ba, a ɗakina na haihu, kuma Hajiya, kakarki, uwar babanki, ita ta tsaya a kaina. In faɗi gaskiya, ba abin da uwa ke yi wanda ba ta yi mini ba. Da asuba ta hura wuta, ta gasa ni da ganyen darbejiya, ta tsaya da ludayi sai na shanye kunun kanwa. Ranar suna aka ce an yi wa Hajiya takwara. Sai bakina ya samu makulli biyu. Ke 'yar fari ce, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa gaban manya, ba a ma kallonsa sosai. Sannan sunanki sunan surukata ne. Mutanen gida suka laƙaba miki Ummi, ni ko wannan ban iya faɗa ba, sai dai in ce yarinyar nan. In an miƙo ki in ba ki nono, in kau da kai bango kamar an ba ni ajiyar wani. Hajiya tana yabona a gaban baƙi, tana cewa yarinyar Tsauni akwai kunya. Ba ta san da wutsiyar ido nake cinye ki ba.

Bayan suna barci ya ƙaurace mini. Na sa a raina cewa in na rufe ido numfashinki zai tsaya, kuma ba wanda zan gaya wa, don faɗar hakan ma rashin kunya ne. Kwana huɗu, biyar, shida. Sai na fara jin kukanki inda ba ki. Ina jinsa a cikin turmi, ina jinsa a cikin randa. Ranar Talata da hantsi na ji shi a cikin rijiyar gidanmu, sarai kamar yadda nake jin kiran salla. Na fita ba ko ɗankwali, na dinga zura guga ina jawowa, ina zubar da ruwan ina sake zurawa, har igiya ta salluɓe mini tafin hannu, alhali kina kwance a kan gadon Hajiya kina barcinki. Ban ɓoye miki wannan ba don ki san ciwon gaskiya ne. Ba sharri aka yi mini ba, ba ni da lafiya. An yi rubutu na sha, an yi hayaƙi, daga baya ma'aikacin asibitin garinmu ya ba babanki takarda ya ce a wuce da ni birni, sashen masu ciwo irin nawa.

A can aka shigar da mu wani ƙaramin ɗaki mai teburi ɗaya. Babanki ya tsaya waje, shi ma kunyar ɗan fari na damunsa. Hajiya ta zauna kusa da ni, kina kan cinyarta. Ma'aikacin da ke karɓar sababbin marasa lafiya, Malam Sanusi, dogo ne mai furfura kaɗan a gemu, ga layin mutane har bakin ƙofa, ga gumi yana ɗiga a kan takardarsa. Takardar duk ƙananan akwatuna ce a jere, ya yi tambaya ya sa alama a ɗaya.

"Baiwar Allah, yaya sunan jaririyarki?"

Na sunkuyar da kai. Yaya zan faɗa, ga mai sunan a zaune gwiwarta na gogar tawa?

"Kin san ta? 'Yarki ce ko ba 'yarki ba ce?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Ya ce da Hajiya ta miƙo mini ke. Ta miƙo. Wallahi Ummi, hannuwana ba abin da suke so sai su karɓe ki, na danne su a ƙarƙashin mayafi na juya fuskata ga bango, kamar yadda aka koya mini tun ina yarinya. Na ji bik ya yi ƙarar alama sau uku. Sai ya tambayi Hajiya ko a danginmu akwai mai irin wannan.

"A jininsu ne, ɗan nan," in ji Hajiya. "Akwai ƙanwar uwarta a Tsauni, shekara da shekaru. Ita ma wannan tun da aka kawo ta ba mai yawan magana ba ce."

Ba ƙarya ta yi ba ko ɗaya. Ya rubuta wani abu a bangon dosiye, wato babbar takardar da ake tara bayanan mutum a ciki, ya rufe. Ya ce kada a bar jaririya kusa da ni sai yadda lokotoro, wato likita, ya gani. Ranar da la'asar babanki ya sa ki a mota zuwa Dungu, don Hasiya na goyon ɗa ɗan wata huɗu, tana da nonon da zai ishe ku ku biyu. Ban ga fitarki ba. An yi mini allura, barcin kwana goma ya faɗo mini gaba ɗaya.

Da na farka, kukan ya daina zuwa daga inda ba ki. Sai ya zamana ba kukan ko'ina, kuma wannan ya fi wancan ciwo. Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri, gaban rigata kullum a jiƙe. Ina shiga bayi in matse a ƙasa ina kallon nonon yana bin rariya, ina lissafin yanzu wa ke riƙe da ke, ko Hasiya ta san ba ki son a kwantar da ke ta gefen hagu. Hajiya ce ta zauna jinyata. Ta shimfiɗa tabarmarta ƙarƙashin bishiya tare da sauran masu jinya, tana dafa mini, tana wanke mini zane, duk inda aka kira ni tana biye. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata dattijuwa mai sayar da fura, Baba Kande daga Icirnawa, wadda zuwanta na huɗu ke nan, ta san kowa ta san komai, bakinta ba ya hutawa.

"Amarya, wace lamba suka ba ki? Nan kowa da lambarsa kamar motocin tasha. Ni tawa talatin da ɗaya, mai zuwa da komawa. In ta motsa sai in raba furata kyauta in hau waƙa, in ta kwanta ko gaisuwa ba na amsawa."

Na ce ban sani ba. Ta ce in buɗe ido ranar zagaye, ana ɗora dosiye a ƙafar gado. Haka kuwa aka yi. Kwana na biyar ma'aikata suka zo zagaye, aka ajiye nawa a kan bargona, na ɗan ɗaga kai. F, biyu, sifiri. Da rubutun wani, da shuɗin bik, amma su ne, kamar an ciro daga kwallar Iya Laure an manna mini. Ban ji abin da suka ce ba har suka wuce. Na ga ɗakin bayan rumbu inda Iya Laure ta ƙare kwanakinta. Na ga ana aiken wata yarinya duk farkon wata ta ɗauko kati, kuma yarinyar ke ce.

Baba Kande ta ga yadda na koma. Ta matso ta rage murya, abin da ba ta saba ba.

"Ki jira Alhamis. Majo Rabi ba ta yarda da takardar kowa, ko tata."

Majo ita ce shugabar ma'aikatan sashen, gajera, mai tabarau da igiya a wuya. Tana da wata ɗabi'a da ƙananan ma'aikata ke gunaguni a kanta. Duk Alhamis sai ta tara dosiyoyin waɗanda aka kwantar a makon, ta ɗora su a gefe ba ta buɗe ba, ta ɗauko sabuwar takarda mai akwatunan nan fara fat, ta sake yi wa mutum tambayoyin tun daga farko. Sai ta gama sannan ta buɗe ta farkon ta jera su biyu. Inda suka yi daidai, shi ke nan. Inda suka saɓa, sai an kira wanda ya cika ta farko an zauna. Da aka kira ni Hajiya ta biyo ni kamar kullum. Majo ta tare ta a ƙofa da fara'a.

"Hajiya, sannu da ɗawainiya. Ga kujera can inuwa, a ɗan huta. Mu da 'yarki za mu yi maganar mata."

"Ai ni ma mace ce."

"Ke uwa ce, Hajiya. Shi ya sa."

Ta rufe ƙofa. Ta tambaye ni ranar da barci ya yanke, ta ƙirga da yatsu daga ranar haihuwa. Ta tambaya ko na taɓa jin irin wannan kafin ciki, ko ina budurwa. Na ce a'a, ni dai mai tsoro ce tun asali, amma ban taɓa jin abin da babu ba. Sai ta cire tabarau.

"Haihuwar fari ce?"

Na gyaɗa kai.

"Wa aka yi wa takwara?"

Na nuna ƙofa da haɓa. Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta ce to, ba sai na faɗi suna ba, in gaya mata kawai yadda yarinyar take, in na lura. Ummi, kamar an fasa tulu. Na ce kina da tawadar Allah a bayan kunnen dama, ƙarama kamar ƙwayar gero. Na ce ƙaramin yatsan ƙafarki na hagu yana hawa kan na kusa da shi. Na ce in za ki yi atishawa sau biyu kike yi, ta biyun ta fi ƙarfi, sannan ki ɓata fuska kamar wani ne ya yi miki. Na ce ba ki kama nono sai an ɗan shafa miki kumatu. Ina faɗa gaban rigata na jiƙewa, ina kuka, ban ma san na iya magana mai tsawo haka ba. Ita kuwa tana ta sa alamunta. Da na yi shiru ta buɗe dosiyen, ta jera takardun biyu, ta bi su da bakin bik ɗaya bayan ɗaya. Ta leƙa taga ta ce a kira mata Malam Sanusi.

"Malam, akwati biyar muka saɓa. Ka sa ba ta magana, ba ta san sunan ɗiyarta ba, ba ta kula da ita. Ka sa ciwon ya daɗe."

"Majo, abin da na gani na rubuta."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Gaban wa ka gani?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofar da Hajiya ke bayanta. Sai ya ja kujera ya zauna, ya dafe goshi.

"Innalillahi. Majo, ni ɗan fari ne. Tsohuwata tana nan da ranta, har yau ba ta taɓa kiran sunana ba. Wannan mutumin take ce mini. Ranar nan takardar nake kallo, mutum goma sha na jira."

"Takardar ba ta da akwatin kunya," in ji Majo. "Sai mu mu riƙa tunawa."

Na ɗauka an gama. Ashe ba a gama ba. Majo ta yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro ƙulla zare. Ta ce lambar nan ba zagi ba ce, akwai masu ita da gaske, kuma suna shan maganinsu suna zaman gidajensu. Amma lambar ciwo ce mai daɗewa, kuma duk wanda ya buɗe dosiyena nan da shekara ashirin, a nan ko a wani gari, ita zai fara gani kafin ya ga fuskata, da ita zai zaɓa mini magani, da ita zai ce a ba ni jariri ko a hana. Ta ce akwai wata lambar ta ciwon da ke zuwa da haihuwa, kuma ita a ganinta tawa ke nan. Sai dai ba ta da ikon canzawa. Takardu biyu sun saɓa, lokotoro ne zai raba, kuma shi ba zai sa hannu ba sai ya ga uwa da ɗiya da idonsa. Aka buga wa babanki salula aka ce a kawo ki ranar Litinin.

Kwana huɗun nan ban san yadda na yi su ba. Na wanke rigata sau biyu. Baba Kande ta yi mini kitso, tana cewa kada 'yata ta zo ta ga uwarta kamar tsintsiyar bayi.

Litinin da hantsi Hasiya ta iso da ke, Hajiya ta karɓe ki tun daga bakin ƙofar asibiti. Kwana goma sha biyu rabona da ke. Kin yi kumatu. An sa miki wata hular saƙa ja wadda ban sani ba. Muka shiga wurin lokotoro, ga Majo, ga Malam Sanusi a tsaye jikin bango. Majo ta sake gwada dabararta ta kujera a inuwa. Wannan karon Hajiya ta ƙi.

"Ku yi haƙuri. Ni na ga yarinyar nan a bakin rijiya, ku ba ku gani ba. Ba zan miƙa mata jikata in fita ba. Duk abin da za a yi, a yi ina nan."

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Lokotoro ya ce ba komai, ta zauna. Ya juyo gare ni ya yi tambayar nan dai ta ranar farko, da murya mai sanyi. Majo ta buɗe baki za ta yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce ya karanta abin da ta rubuta, ya gane, amma yana so ya ga abin da zan iya. Na san abin da ke gabana. In na sunkuyar da kai na zama 'yar mutunci a idon Hajiya, in koma gida da katin Iya Laure. In na ɗaga kai, abin da zan yi ba wata mace a danginmu ko nasu da ta taɓa yinsa. Sai kika yi atishawa. Sau biyu, ta biyun ta fi ƙarfi.

Na tashi na je gaban surukata, na sa hannu biyu na ɗauke ki daga cinyarta ba ta miƙo ba. Na ture jar hular, na sa hancina a tsakiyar kanki. Kina warin wani gida, hayaƙin wata murhu, amma can ƙasa warinki na nan. Na duba bayan kunne, tawadar na nan. Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

"Sunanta Mariyama. 'Yata ce. Mariyama."

Hajiya ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya ga bango, daidai yadda ni na yi ranar farko.

Lokotoro ya yi mini wasu tambayoyin kina hannuna, ban tuna su ba. Abin da na tuna shi ne ya jawo dosiyen, ya ɗora bik a kan lambar ya ja mata layi ɗaya siriri, ya rubuta wata a gefe: F, biyar, uku. Ya sa kwanan wata ya sa hannu, Malam Sanusi ma ya sa nasa a ƙasa. Na ce, don Allah a goge ta farkon gaba ɗaya. Majo ta ce a'a, ba a gogewa. Ta ce a bar ta a ƙarƙashin layin, don duk wanda ya zo ya ga an yi kuskure kuma an gyara, ya ga wanda ya gyara da ranar. Ta ce abin da aka goge ana iya sake rubuta shi, wanda aka ja wa layi kuwa ya zama shaida. Sannan ta ce in biyo ta. Kina kafaɗata muka je ta gyara a babban littafin sashen, muka je wani ɗaki inda wata mata ke shigar da lambobin a na'ura, ta tsaya a kanta har ta canza, sannan ta rubuta a ƙaramin karne, katin da zan tafi da shi gida. Wuri huɗu. Ta ce in aka bar ɗaya, watarana shi wani zai buɗe.

Da muka fito tsakar asibitin na zauna gindin bishiya na ba ki nono. Na shafa miki kumatu kamar da. Kika kama, kika ja sau biyu, kika saki kika fashe da kuka. Nonon ya riga ya ja baya, kuma kin saba da na Hasiya. Hajiya ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta ɗaga murya ba. Da babanki take magana, ba da ni ba.

"Lokotoro ya ce ta samu sauƙi. To, shi da takardarsa. Ni dai yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Mai cikakken hankali ba ta yin haka. Yarinya ta koma Dungu sai an yaye ta."

Babanki ya ce, "To, Hajiya." Me zai ce? Hasiya ta karɓe ki ta goya, na bi jar hular nan da ido har ta fita ƙofa.

Bayan mako biyu aka sallame ni. Na sha magani wata da watanni, ina komawa ana dubawa, har lokotoro ya ce ya isa. Da aka yaye ki na sa rai, na share ɗaki, na sayi ƙaramar tabarma. Sai aka ce ai kin saba, kuma dama ɗan fari na dangi ne, Hasiya ba ta da 'ya mace. Ba wanda ya ambaci abin da ya faru a asibiti, amma na san yana cikin maganar. Hajiya ba ta taɓa yi mini gori ba, muna gaisawa, ina kai mata tuwo, in ba ta da lafiya ni ke kwana wurinta. Sai dai ba ta sake cewa yarinyar Tsauni akwai kunya ba.

Bara na haifi ƙanenki. Tun awon farko na miƙa karnena ga ungozomar asibitin garinmu. Ta duba lambar da ke gefen layin ta ce, to, ke bayan haihuwa za mu sa wa ido. Suka ce lallai a bar ni in yi barci, a karɓi yaron a ba ni hutu, suka ce in dawo tun kafin suna. Da barcin ya fara gudu a kwana na biyar, aka tare shi da wuri. Ban je bakin rijiya ba, ba a kai yaron ko'ina ba, ga shi nan yana jan gefen kayen nan ina rubutu. Wani lokaci in ina kallonsa sai Iya Laure ta faɗo mini. Ban sani ba ko lambarta daidai ce. Mai yiwuwa daidai ce. Abin da na sani, sau ɗaya aka tambaye ta, kuma ban san gaban wa ba.

Ina zuwa Dungu in na samu dalili. In kai wa Hasiya kuka ko daddawa, in ce hanya ce ta biyo da ni. Kina fitowa da gudu ki ga abin da na kawo, kina ce mini matar Kawu, yadda 'ya'yan Hasiya ke faɗa. Ina ba ki rake in ce ki zauna nan kusa ki sha, don in samu in ga bayan kunnenki. Zuwan da na yi na ƙarshe kin cire takalmi kina wasa da ƙasa, yatsan nan har yanzu yana hawa kan ɗan'uwansa. Mutane na zaune. Na koma yadda nake a da, da wutsiyar ido. Sau ɗaya na yi abin nan a rayuwata, na biya abin da na biya, kuma da za a mai da ni ɗakin nan, zan sake tashi in ɗauke ki.

Karnen yana cikin kwallata, ƙarƙashin zanen da na ɗaura ranar sunanki. Lambobin biyu na nan, da layin, da sa hannun. Wannan kayen zan ajiye shi tare da su. Duk wanda ya riga Ummi ganinsa, don Allah kada ya karanta mata rabi, ya kai mata shi dukansa.

Ke kuma Ummi, abu ɗaya nake roƙo. Ranar da aka ce miki uwarki ta ƙi ɗaukarki, kada ki yi musu, kada ki yi fushi da kowa, har da Hajiya. Ki hau mota ki zo Matameye. Ki ce kowa ya ɗan ba mu wuri, ki rufe ƙofa, ki sake tambayata da kanki, daga ni sai ke.